Yadda Rundunar Ruwan Daura Ta Nutse a Tsakiyar Bazara

Akwai masu cewa ɗan Daura ba shi da ta cewa a harkar jiragen ruwan yaƙi, wai don daga ƙofar gidansa zuwa bakin teku tafiyar sama da kilomita 1,000 ce. Hassada ce kawai, kuma ina da hujja. Jirgin yaƙi na biyu da sojojin ruwan Nijeriya suka ƙera da hannunsu a Legas, mai tsawon kusan mita 39, sunansa Karaduwa, sunan kogin nan namu na Jihar Katsina da aka datse aka yi dam ɗin Zobe. Wa ya ƙaddamar da shi a watan Disambar 2016? Ɗan Daura, marigayi Muhammadu Buhari. Jirgin da ya biyo bayan Karaduwa, Oji, shi ma a hannunsa ya fita a 2021. A shekarar ce kuma rundunar ta ce za ta kafa sansani a Kano, aka yi ta ce-ce-ku-ce ana tambayar inda za a samo ruwan. Yau ga kwalejinsu can a Dawakin Tofa. Ga Jami'ar Sufuri a nan cikin garinmu, jirgin ruwa kuwa ai sufuri ne. Duk mai lura ya san teku ne ke matsowa a hankali, bai kamata kuma ya tarar da mu ba shiri ba.

Ni malamin makaranta ne. Ruwa mafi girma da na taɓa gani ido da ido shi ne dam ɗin Daberam, shi ma ban yarda ya wuce mini idon sawu ba. Amma ilimin jirgi ba a ƙafa yake ba, a ka yake. Wurin gwaji kawai na rasa, sai Allah ya kawo mini shi har cikin zaure. Ɗan ƙanwata da ke zaune a wurina yana karatun injiniya yana da wata laftof da uwarsa ta saya masa da kuɗin adashi, wai don zane-zanen makaranta. Zanen da na tarar yana yi wani dare kuwa na jirgin ruwa ne mai igwa.

"Wannan kuma wane darasi ne?"

"Gem ne, Kawu. From the Depths sunansa."

"To tashi ka je ka yi karatu. Bar mini shi in ga irin ɓarnar da yake yi wa yara."

Haka na shiga aikin sojan ruwa.

Shi wannan wasa ba ya ba ka jirgi. Teku yake shimfiɗa maka, ya zube maka katako da ƙarfe da dalma da inji da farfela da igwa, gunduwa-gunduwa, ya ce bismilla. Kai za ka yi ta jera su, jirgin yana rataye a sama, sai ka gama ka sake shi cikin ruwa. Muguntar abin ita ce kowace gunduwa da nauyinta, kuma ruwan ba ya duban girman mutum.

Na so in sa wa jirgina na farko sunan sarauniya Daurama, sai na tuna ba na son wata rana a ji daga bakina cewa wani abu ya sami Daurama. Na sa masa Kusugu, sunan rijiyar garinmu. Na yi masa hawa uku da hasumiya, na ɗora babbar igwar a can ƙololuwa, domin duk wanda ya san yaƙi ya san na sama shi ke fara hango abokin gaba.

"Kawu, nauyin ya yi sama da yawa."

"Kai, a wace shekara aka haife ka?"

Ya faɗa.

"To a shekarar ni na riga na fara karɓar albashi. Sake shi."

Kusugu ya sauka kan ruwa da kwarjini. Ya tsaya cik, har na fara juyawa in ga ko yaron zai ba ni haƙuri. Sai ya ɗan karkata dama. Ya ƙara. Daga nan ya juye gaba ɗaya, hasumiya ta koma ƙasa, gindi ya dawo sama, farfela biyu suna ta wulwulawa a iska bilhaƙƙi, ba wanda ya gaya musu an tashi daga aiki.

Dariyar yaron ce ta jawo maƙwabcina, wani dattijo tsohon direban tirela da ya yi shekara da shekaru yana lodin shanu daga kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi zuwa Legas. Duk unguwarmu shi kaɗai ya taɓa ganin teku, a Apapa, ta tagar mota, saboda haka ba a ja da shi a kan zancen ruwa. Ya gyara tabarau, ya sa aka sake nuna masa, ya girgiza kai.

"Malam, ko motar hatsi aka loda haka, ba ta kai Kazaure. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Ka ɗora buhunan gero a kan katifu, sannan ka ce kwana ce ta ci amanarka?"

Yaron ya sami abokin taron dangi, ya shiga yi mini lacca. Wai jirgi yana zama kan ruwa ne don ya ture ruwan da nauyinsa ya kai nasa, shi ya sa ƙarfe mai rami a ciki yake iyo, ƙusa kuwa take nutsewa. Idan ya karkata, ruwan gefen da ya lume shi ke turo shi ya miƙe. Amma in nauyi ya taru a sama, turin ba ya isa, sai nauyin ya ci gaba da jan sa har ya kife. Na ce duk na sani, gwada su nake yi.

Kuma kafin wani ya yi mini dariya, ya fara yi wa Sarkin Suwidin, Gustavus Adolphus. Ranar 10 ga Agusta 1628 aka saki jirginsa, Vasa, a tashar Sitokholm, da igwa 64 da sassaƙe-sassaƙen ado, jama'a sun cika bakin ruwa suna kallo. Bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta buso, ya karkata, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse da mutane wajen 30. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da aka yi masa tun yana ɗaure a tasha: an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, sawu uku kacal suka yi aka ce su tsaya, jirgin na neman kifewa. Kowa ya gani, kowa ya ja bakinsa, tunda sarki yana can fagen yaƙi da Folan yana aiko takardu a gaggauta. Da aka zauna bincike ba a hukunta kowa ba: maginin ya rasu tun 1627, awon kuwa sarki ne ya amince da shi. An tsamo jirgin a 1961, yau gidan tarihi guda aka gina masa. Wato abin da aka yi mini dariya a kansa a zaure, a Turai tikiti ake yanka wa mutane su kalla.

Duk da haka, don a zauna lafiya, na bi shawarar direba. Ya ce mai nauyi ƙasa, na cika gindin Kusugu da dalma, layi kan layi, ban yi rowa ba. Aka sake shi. Wallahi bai karkata ko da faɗin ɗan yatsa ba. A tsaye ya tafi, da mutuncinsa, hasumiya ce ƙarshen ɓacewa. Mai shayin bakin layi, da ya kawo wa direba kofi ya tsaya kallo, ya ce, "Malam, jirgin da aka sa wa sunan rijiya ai dole ya nemi ƙasa."

Ba a jima ba majalisarmu ta bayan isha'i ta tashi daga gindin dogon yaro ta dawo zaurena, siyasa da farashin taki suka sami hutu. Tela ya ce lallai a yi fenti kore da fari a kuma kafa tuta babba. Mai shayi ya ce jirgin da ba kicin ba jirgi ba ne. Ladanin unguwa ya nemi a ware wurin salla, aka ware, sannan ya tambaya yadda za a yi da alƙibla in matuƙi ya sha kwana ana cikin raka'a ta biyu, muka kwashe dare guda a kan wannan. Wani ɗan Baure mai sayar da goro shi bai nemi komai ba sai a sa wa jirgi ɗaya sunan garinsu. Kowa da buƙatarsa, ba mai tambayar nauyinta. A nan na gane abin da ya sa ake kafa kwamiti idan ba a so aiki ya yiwu.

Matsalar kifewa ni na warware ta, da tunanin kaina: abin da ba shi da gefe ba zai faɗi ta gefe ba. Na ƙera jirgi zagayayye, na sa masa Sandamu. Bai kife ba, a rubuta wannan. Sai dai da aka ta da inji ya ƙi zuwa ko'ina, ya tsaya yana juyi wuri ɗaya, igwarsa tana harbin gabas da yamma da kudu da arewa ba sani ba sabo, har ta sami ɗan jirgin da ke yi masa rakiya. Yaron ya ce ai Rashawa sun riga ni: a 1873 suka saki Novgorod, zagayayye, faɗinsa mita 30 da 'yan kai, da farfela shida da igwa biyu, dabarar wani Adimiral Popov, ya yi zamansa a Bahar Aswad yana fama da rashin gudu da wuyar tuƙi. Ya faɗa ne don in ji kunya. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne ni da adimiral ɗin Rasha tunaninmu ɗaya, shi da makaranta, ni da baiwa.

Da yaron ya ga dalma da katako ba su karɓe mu ba, sai ya kawo wani wasan, Ultimate Admiral: Dreadnoughts. Wannan na manya ne. Ba gunduwa-gunduwa, gangar jikin jirgi ake ba ka, irin na tsakanin 1890 da Yaƙin Duniya na Biyu, kai kuma ka zaɓi girmansa, da gudunsa, da kaurin sulkensa, da nisan zangon da zai ci kafin kwal ya ƙare, da yawan bangayen da za su raba cikinsa ɗaki-ɗaki, sannan ka dasa hasumiya da bututun hayaƙi da igwogi. A gefe akwai wata lamba tana ƙirga maka tan-tan. Ka wuce iyaka, ta yi ja, jirgi ba ya fita, ko wa ka sani.

Ba Nijeriya a jerin ƙasashen, tunda tamu rundunar sai a 1956 aka kafa ta. Na duba Ingila, Jamus, Japan, Amurka, sai idona ya faɗa kan daular Ostiriya da Hangari. Yaron ya ce daular ta wargaje a 1918, kuma yau duk ƙasashen biyu ba mai ko taku ɗaya na bakin teku. Na ce shi ke nan, 'yan'uwa ne, a ba ni su. Ya ƙara da cewa kwamandan rundunar ruwansu na ƙarshe, Miklós Horthy, shi ya koma ya mulki Hangari daga 1920 zuwa 1944, yana amsa sunan adimiral a ƙasar da ba teku. Tun daga ranar na daina jin nauyi idan yaran unguwa suka durƙusa suka ce, "Adimiral, ina kwana."

Abin da wasan nan yake son cusa wa mutum ƙarfi da yaji shi ne ba abin da ake samu kyauta. Igwa, sulke, gudu: ka ƙosar da ɗaya, sauran su rame. Ka ce gudu kake so, inji ya cinye wuri ya cinye nauyi, kuma kowane ɗan ƙari ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba. Ka ce sulke, faɗin ɗan yatsa kawai ka ƙara a tsawon jirgi, ɗaruruwan tan sun tafi. Turawan Ingila da suka fito da Dreadnought a 1906, jirgin da ya mayar da duk na gabansa tsohon yayi, igwa goma masu bakin inci 12 suka sa masa, da gudun kusan kilomita 39 a awa, a nauyin tan wajen 18,000, suka tsaya nan. Kuma duk sunan nan nasa, abokin gaba ɗaya tak ya taɓa nutsarwa, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a 1915, shi ma ba da igwa ba, bi ta kansa ya yi. Na bayyana wa majalisa cewa wannan ya nuna igwa goma ba ta isa ba.

Mai goro ya matsa, na sa wa sabon jirgin Baure. Na dasa igwogi gaba da baya da tsakiya har ba inda matuƙi zai shanya riga. Lamba ta yi ja. Na rage kwal. Tana ja. Na cire bututun hayaƙi ɗaya. Yaron ya ce inji zai shaƙe, na ce ya yi haƙuri, kowa haƙuri yake yi a ƙasar nan. Tana ja. Sai na hango bangayen nan na ciki, na tambayi amfaninsu. Ya ce idan ruwa ya shiga ɗaki ɗaya, su ke hana shi zuwa sauran. Na ce to ai mu ba mu da niyyar barin ruwa ya shiga. Na mayar da su mafi ƙaranci. Saura ƙiris. Na juya kan sulke na yi ta fere shi, inci-inci, har lamba ta huce.

Direba ya ce, "Malam, in suka harbo fa?"

Na ce, "Alhaji, wanda aka riga aka kashe ba ya harbi."

Baure ya fita yana tuƙa hayaƙi baƙi ƙirin. Ya saki harbin farko gaba ɗaya, zaure ya ɗauki kabbara, ruwa ya tashi sama ginshiƙi-ginshiƙi a ko'ina ban da inda abokan gaba suke. Su kuma suka maido martani ba hayaniya. Harsashi ɗaya ne ya same mu. Ya ratsa sulken da na fere, ya isa rumbun albarushi, wani haske ya cika fuskar kwamfutar, da ya washe sai ga Baure gida biyu, kowane rabi ya kama gabansa. Mai shayi bai ma gama firfita kofin farko ba. Mai goro ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce dama ya daɗe da sanin irin kallon da mutanen cikin gari suke yi wa Baure. Har yau farashin baƙo yake sayar mini.

Nan ma ba ni na fara ba. Ranar 31 ga Mayu 1916, a gwabzawar Jutland, jiragen Ingila uku masu gudu da manyan igwogi da siririn sulke haka suka tashi, da mutum sama da 3,000, don wuta ta bi hanyar da ake hawo da albarushi ta kai rumbu. Masu harbi sun saba tara shi a hanya da barin ƙofofi a buɗe don a yi sauri. A 1941 Hood ya bi sahunsu, cikin mutum 1,418 uku ne suka rayu. Wannan kam ba abin dariya ba ne, shi ya sa nake ganin duk shugaban da ke jin ƙaiƙayin yaƙi gara a saya masa laftof. A zaurena abin da aka yi asara bai wuce ragin goro ba.

Sai na ƙudura yin wanda zai rufe bakin kowa. Na tura shekara can gaba, na ɗauki gangar jiki mafi girma da wasan ya yarda, da niyyar in wuce Yamato na Japan, mai tsawon mita 263 da igwa tara masu bakin santimita 46, kowane harsashi kusan tan ɗaya da rabi. Don mai karatu ya gane, Aradu, babban jirgin Nijeriya da aka ƙera a Hambug ya fara aiki a 1982, bai kai rabin tsawonsa ba. Na sa wa nawa Zango, bayan na tabbatar ba ɗan Zango a majalisa. Wannan karon na sa sulke, na sa bangaye, kowa shaida ne. Abin da na cire ƙananan bindigogin gefe ne, don ba su da kwarjini, sai kuma kariyar ƙasan ruwa, tunda ba mai ganin ta.

Aka sa daren Juma'a. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Daura yake wuce 40 da rana, da dare kuma bango ya riƙa amayar da abin da ya sha. An ɗauke wuta tun la'asar, tela ya kawo ɗan janaretansa. Zaure ya cika har ƙofa, yara sun leƙo ta taga. Aka bar wa yaron ya zaɓa mana abokan gaba. Na zaci zai jero manyan jirage, sai ya zaɓi Italiya, ba babba ko ɗaya, sai tarin ƙanana masu ɗauke da tofido, nakiyar nan mai farfela da ke bi ta ƙarƙashin ruwa ta huda jirgi inda ba sulke.

"Waɗannan 'yan firit ɗin? Ka raina ni ke nan."

"Kawu, ranar 10 ga Yuni 1918 wani ɗan kwalekwale mai inji na Italiya, a hannun Luigi Rizzo, ya nutsar da Szent István, mai tan 20,000, da tofido biyu. Jirgin 'yan'uwan nan naka ne. Har hoton kifewarsa an ɗauka."

"Shi ba ni na zana shi ba."

Aka fara. 'Yan firit suka watsu suka taho a guje. Manyan igwogin Zango suka shiga juyawa a hankali, cikin natsuwa irin ta manya, kafin su gama saiti wanda ake nema ya bar wurin da daɗewa. Ana cikin haka laftof ta fara kuka. Fankarta tana ihu, hoto yana tsayawa yana tafiya, ka taɓa gefenta ka janye hannu. Janareta ma ya fara tari, yaron ya ɗauki galan ya fita neman fetur, yana cewa kar a taɓa komai sai ya dawo.

To ni ban taɓa komai ba. Taimako na yi. Uwargida tana sayar da zoɓo da ƙanƙara, na aiki ƙaramin yarona ya ɗauko ƙulli biyu a leda. Na sa ɗaya a faranti na ɗora laftof a kai, ɗayan na jingina shi a gefen madannai inda zafi ya fi yawa. Jama'a, abin ya yi aiki! Fanka ta yi shiru, hoto ya miƙe sumul, har tela ya ce wannan dabarar ya kamata a kai ta jami'a.

Direba ya ce, "Malam, ruwa fa."

Na ce, "Alhaji, ƙanƙara ce, ba ruwa ba."

A daidai nan fararen layuka suka bayyana a kan teku, sun nufo mu jere. Na murɗa sitiyari iya murɗawa, Zango ya karɓi umarni ya ce zai duba. Na farko ya same mu a gaba, na biyu a tsakiya. Ɗan hoton jirgin da ke gefe ya fara cika da shuɗi ɗaki bayan ɗaki. Zaure ya rikice, kowa ya zama kwamanda, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, ladan yana salati. Tela ya zabura ya miƙo hannu zai nuna mini wani tofidon, hannun rigarsa ya kwashi ledar gefe, wadda zafin na'urar ya riga ya mayar da ita abin da direba ya faɗa. Ta fashe a kan madannai. Na ɗaga laftof ɗin da sauri in zazzage, sai na ji ƙasanta ma sharkaf, ta zauna cikin farantin har wuya. Fuskar ta yi layi-layi, kore da ja, ta yi baƙi. Wani ɗan ƙauri ya tashi.

Yaron ya shigo da galan a hannu. Ya dubi faranti, ya dubi laftof tana ɗiga, ya dube ni.

"Kawu... furojet ɗina yana ciki."

Mai shayi ya ce ya ji ana binne waya a shinkafa ta warke. Cikin dare muka lallaɓa muka tura ta cikin buhun uwargida har ta ɓace. Da hantsi ta zo awon abincin rana, kwano ya ci karo da ƙarfe. Ta jawo ta, ta kakkaɓe, ta same ni a tsakar gida.

"Malam, ita wannan da miya za a ci ta, ko da mai da yaji?"

Shari'a a ɗakin Hajiya mahaifiyarmu aka yi ta. Ƙanwata ta iso tun kafin azahar, da littafin adashinta a jaka. Na kare kaina yadda ya kamata. Na kawo zafin gari, na kawo rashin wuta, na kawo hannun rigar tela da ya fi ƙa'ida faɗi, na kawo ingancin ledar zamani. Na rufe da labarin Vasa, na nuna cewa a ƙasashen da suka ci gaba irin wannan ba a hukunta kowa. Hajiya ta saurara har na gama, tana jan carbi.

"Shi sarkin naku na Suwidin, da kuɗin adashin ƙanwarsa ya yi nasa jirgin?"

Na ce tarihi bai nuna haka ba.

"To ka biya."

Ragon da nake kiwo don layya shi ya tafi kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, direba ya raka ni, bai ce komai ba duk hanya, abin da ya fi magana ciwo. Wani mai gyara a Kano ya canja wa laftof ɗin kayan ciki, ya ceto furojet ɗin yaron cif. Jiragena kuwa, daga Kusugu har Zango, sun tafi da ruwan leda biyu, a garin da rabonsa da ruwan sama tun watan Oktoba. Yanzu na'urar tana kwana a akwati da kwaɗo, mabuɗin kuma yana wurin Hajiya.

Abu ɗaya nake so ya shiga tarihi, don majalisa ta rabu biyu a kansa har yau. Lokacin da fuskar ta yi baƙi, Zango yana kan ruwa. Ya karkata, na yarda, ya sha tofido, amma yana kan ruwa, tutarsa tana sama. Italiya ba ta nutsar da shi ba, duk wanda ya ce ta nutsar ya kawo shaida.

Cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautarmu, Mai'adua ce kaɗai ba ta sami jirginta ba, kuma na riga na zana shi a bayan tsohuwar rajistar aji: igwa goma sha takwas, hawa huɗu, da wurin kicin. Saboda haka duk mai laftof mai ƙarfi, mai lafiyayyar fanka, da ba ya wani abin kirki da ita, ya same ni a gindin dogon yaro bayan isha'i. Na yi wa Hajiya alkawarin ba ni ba ƙanƙara. Zancen yawan igwa kuwa ba mu yi shi da ita ba.